Na kai ruwan gidanmu lab an gwada min, ga yadda muka kwashe da su

Jama'a barkanmu da warhaka. Tun watan jiya nake cewa zan rubuta wannan abun ban samu zama ba, yau dai yara sun tafi islamiyya nace bari in zauna in faɗa muku yadda ta kaya tsakanina da wani lab mai gwajin ruwa a nan Kano, dan matan unguwarmu sun ishe ni da tambaya, wai da gaske ana kai ruwa a gwada kamar yadda ake kai jini asibiti, kuma wai yana da amfani ko asarar kuɗi ce kawai. Ba zan kama sunan wajen ba, saboda akwai inda zan yabe su akwai kuma inda raina ya ɓaci sosai, kuma bana so in taɓa wa kowa abincinsa.

Mu muna zaune ne ta wajen Sharaɗa. A tsakar gidanmu akwai tsohuwar rijiya wadda muka tarar, sannan muna jan ruwan bohol ta tiyo daga gidan maƙwabcinmu muna biya duk wata, dan famfon gwamnati kam mun manta rabon da ya kawo. Ni kuma ina sana'ar kunun aya da zoɓo, ina ƙullawa a robobi yara suna kai min shaguna. To kunga ruwa a wajena ba na shan gida kaɗai ba ne, 'ya'yan mutane ma suna sha ta hannuna, kuma wannan ne ya hana ni barci da abin ya faru. A daminar bana yarana biyu suka dinga ciwon ciki, wannan ya warke wancan ya kwanta, autana sau biyu ana cewa taifot ne, muka sha allurai har jikinsa duk ya zube. Surukata Hajiya tace sanyin damina ne, wata maƙwabciya tace haƙori yake fitarwa, yaron da ya shekara huɗu. Ni dai hankalina bai kwanta ba, dan na lura duk sanda aka yi ruwan sama mai ƙarfi washegari ruwan rijiyar nan yana ɗan wani wari kaɗan, ba sosai ba, sai ka kai hanci, amma a ido garau yake kamar ka ga fuskarka.

Ƙanena ne ya fara kawo maganar gwaji. Yana karatun injiniya a BUK, ɓangaren da suke harkar ruwa da muhalli, yazo gaishe mu ya leƙa bayan gida ya ga filin nan da aka mayar juji, ledoji da pampas da kashin kaji da tsofaffin batura duk a jibge, ga kwata ta toshe ruwa baƙi ƙirin ya kwanta a gefen katangarmu. Sai ya ce min Yaya wannan baƙin ruwan da kike gani yana tsatsowa daga ƙasan shara ba nan yake tsayawa ba fa, ƙasa yake shiga, kuma rijiyarku bata da wani zurfi. Ya tambaye ni ina sokawen maƙwabta yake, na nuna masa, ya taka da ƙafarsa daga jikin katangar zuwa bakin rijiya yana ƙirgawa a fili, taku goma sha biyu. Ya ce abin da ake koya musu a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. Wallahi a lokacin naji cikina ya juya.

Ranar farko dana je lab ɗin nayi abin da nasan kowa zai yi, na wanke robar lemo na cika ta da ruwan rijiya, wata kuma da na bohol, na saka a leda na hau adaidaita. Yarinyar da take zaune a gaba ta karɓa har ta fara rubuta min rasit. Allah Ya taimake ni wani dattijo ma'aikacinsu ya fito daga ciki da farar riga, ya kalli robobin ya kalle ni yace Hajiya wannan ba zai yi ba, in muka gwada wannan ba ruwanki muka gwada ba, robar muka gwada da hannun da ya wanke ta. Ya koma ciki ya ɗauko min kwalabe waɗanda aka riga aka kashe musu ƙwayoyin cuta, kowacce a rufe ruf an naɗe murfinta, ya zaunar dani a benci ya min bayani tiryan-tiryan da Hausa. Yace in zan ɗibi na famfo in goge bakin famfon, in bar ruwan ya zuba kamar minti biyu zuwa uku tukunna, kar yatsana ya taɓa bakin kwalbar ko cikin murfin, kar in ɗauraye ta, kar kuma in cika ta maƙil in bar ɗan fili a sama. Na rijiya kuma in ɗaura wa kwalbar igiya mai tsafta in zura ta a hankali kar ta gogi bango. In na gama in saka a kula da ƙanƙara in kawo cikin awa 6, dan in ruwan ya daɗe a zafi ƙwayoyin suna iya ƙaruwa ko su mutu, sakamakon ya fito ba daidai ba. Sannan ya ƙara min kwalba ta uku, nace Baba ai ruwa biyu gare ni, yace a'a uku ne, ki ɗebo min na cikin duron da kike ajiyewa kina haɗa kunu da shi. Ban gane dalilinsa ba sai daga baya.

Wannan dattijon shine duk abin da zan yaba a wajen nan, da shi da tsaftar ɗakin gwajin, dan ya bar ni na leƙa daga bakin ƙofa, komai a goge, kwalabe a jere da lamba. Amma ku duba fa, da bai fito a daidai wannan lokacin ba da an karɓi kuɗina an gwada min ruwan robar lemo an bani takarda, ni kuma in ɗauka gaskiya ce. Mutum nawa aka yi wa haka? Wannan shine ƙorafina na farko, wanda aka ajiye a gaba yana karɓar mutane ya kamata ace ya san abin da ake karɓa da wanda ba a karɓa.

Ƙorafi na biyu ya fi ci min rai. Da zan biya aka ce min akwai gwajin da suke kira na ruwan sha, kuɗinsa kaza duk kwalba ɗaya, na biya, ba wani tsada can ba gaskiya, in na haɗa duka ukun basu kai abin da muka kashe a jinyar autana sau ɗaya ba. Na koma gida na tura wa ƙanena hoton fom ɗin, sai gashi ya kira ni yace Yaya ina ƙarafa? Nace wane ƙarafa kuma. Ashe gwajin dana biya ya ƙunshi ƙwayoyin cuta ne da tsami ko kanwar ruwa da gishirin da ya narke a ciki da dagulewa da wani sinadari da ake kira naitiret, amma babu dalma babu kiromiyom, kuma babu wanda ya buɗe baki ya faɗa min, alhali a fom ɗin na rubuta unguwarmu ɓaro-ɓaro. Duk wanda ya san Kano ya san me ake yi a Sharaɗa da Challawa da Bompai, kamfanonin jima ne da na saƙa da rini. Jimar gargajiya irin ta kakanninmu da bagaruwa ake yi, amma ta kamfani da sinadarin kiromiyom ake yi, kuma ruwan da ya fito daga nan shekara da shekaru yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Bompai kuma ya bi Getsi ya haɗu da Jakara su tafi har dam ɗin Wasai, a hanya masu lambu suna ban ruwan latas da alayyafo da shi. Ƙanena yace ɗalibai da malamai sun daɗe suna ɗibar ruwan waɗannan rafukan suna aunawa suna rubutawa, ba sabon labari ba ne a wajensu. Ni ma ba sai an faɗa min ba, na sha wucewa ta gefen rafin inga ruwan wani lokaci shuɗi-shuɗi wani lokaci baƙi, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai sai ka toshe hanci da mayafi. To ace lab yana cikin wannan garin, mace tazo daga wannan unguwar, a kasa ce mata Hajiya ki ƙara da gwajin ƙarafa? Gaskiya wannan sakaci ne.

Kuma abin da yasa na ɗaga hankalina akan dalma, ban manta abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Nasan can ba ta rijiya abin ya fi zuwa ba, ta ƙura ne da ƙasar da yara ke wasa a kai, amma abin da ya tsaya min a rai shine gubar nan bata da wari bata da launi, iyaye suna ganin yaro yana shiɗewa basu san me ke cin sa ba. Ga kuma tsofaffin batura a jujin bayan gidana.

Na koma nace a ƙara min. Nan ne suka faɗa min su basu da injin da yake auna ƙarafa, wani waje suke aikawa, kuma kuɗin kowane ƙarfe daban, sannan sai na sake ɗebo wani ruwan a wata roba daban wadda suke ɗiga wa asid a ciki dan ƙarfen kar ya manne a jikin robar. Kenan sau uku ina hawa adaidaita akan abin da zuwa biyu ya isa. Ban ga laifinsu dan basu da injin ba, naji ance yana da tsada sosai kuma ba kowane lab ke da shi ba, laifinsu shine rashin faɗa tun farko.

Maganar lokaci kuma, ance min kwana uku, na ƙwayoyin cuta ya fito a kwana huɗu, wannan ban damu ba dan Baba ya riga ya min bayani cewa shuka su ake yi a wani ɗan faranti a saka a na'ura mai ɗumi ta kwana ta yini a zafi ɗaya kafin a ƙirga, ba abu ne na sha yanzu magani yanzu ba. Har na tambaye shi to in an ɗauke wuta fa, ya nuna min suna da sola da batura a kan wannan na'urar, kuma ina baku shawara duk inda kuka je kuyi wannan tambayar. Na ƙarafan ne ya kusa sati biyu, ina kira ba a ɗauka, in an ɗauka ace a kira gobe, ni kuma na dakatar da sana'ata gaba ɗaya ina jira, masu shaguna suna ta aiko yara wai lafiya.

Da sakamakon ya fito aka miƙo min takarda da Turanci zalla, layi-layi da lambobi da wasu haruffa, babu ko jimla ɗaya da tace ruwan nan a sha ko kar a sha. Nace wa yarinyar to me yake nufi, tace in kai wa likita. Wane likita ne zai zauna ya karanta min takardar rijiya, dan Allah? Na zauna a bencin nan nace ba inda zani sai Baba ya fito. Da ya fito ya karɓi takardar ya ciro biro daga aljihu, ya juya bayanta ya fara zana min. Yace ki duba nan, wannan da aka rubuta E. coli ƙwayar cuta ce da take zaune a hanjin mutum da dabba, in an same ta a ruwa to bayan gida ya shiga ruwan, babu wata fassara, kuma ƙa'ida ko ɗaya kar a samu a cikin mililita 100. A rijiyarmu an samu, da yawa ma. Ya zagaye lambar da biro har sau biyu. Sannan naitiret, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kar ya wuce miligiram 50 a lita, namu na rijiya ya haura, yace shi ma yawanci daga masai ne da shara da taki, kuma ya fi haɗari ga jarirai 'yan ƙasa da wata 6 da ake dama wa madara da ruwan, yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata har leɓensu ya canja launi. Sai ya faɗi abin da ban taɓa sani ba a rayuwata, wai tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta amma baya cire naitiret, ƙara masa ƙarfi ma yake yi tunda ruwan ne ke ƙonewa shi kuma ya zauna.

Na bohol daga bakin famfo ya fito lafiya, babu E. coli, naitiret ɗin ma yana ƙasa. Dalma da kiromiyom kuma a duka biyun basu kai iyaka ba, iyakar dalma 0.01 ce ta kiromiyom 0.05 duk a miligiram cikin lita, nan nayi hamdala har hawaye suka zo min. Amma kwalba ta uku, ta durona, an samu ƙwayar a ciki. Ruwan bohol ɗin nan mai kyau shi nake zubawa a duron, amma da moɗa ɗaya muke ɗiba, yara su ajiye ta a ƙasa su sake tsomawa, kuma in tiyo bai kawo ba wani lokaci ana cika shi da na rijiya. Kenan a cikin gidana nake ɓata ruwan da kaina, kuma da shi nake haɗa kunun da nake sayar wa mutane. Na daɗe zaune ban ce komai ba. Baba yace Hajiya kar ki damu kanki, gida da yawa haka suke, ke kin ma zo kin gani, gyaran kuma ba mai wuya ba ne.

Minti biyar ya ɗauke shi ya min wannan bayanin a bayan takarda, kuma shine ainihin abin dana je nema, amma baya cikin abin da aka sayar min, kyautatawarsa ce kawai. Me zai hana su buga rabin shafi da Hausa su manna a jikin kowane sakamako? Yawancin masu zuwa da ruwan gida ba masu bincike ba ne, irina ne.

Abin da muka yi bayan nan, rijiya dai an daina sha an daina girki da ita, wanki ne da wanke banɗaki kawai. Na sayar da tsohon duron na sayi mai murfi da famfo a ƙasa, babu mai tsoma hannu babu moɗa. Ruwan sana'a ina saka masa WaterGuard, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, yadda aka rubuta a jikin robar in jira minti 30 kafin in taɓa, na zoɓo kuma dama tafasawa nake. Surukata Hajiya tace ai alif ya isa, su da shi suka tashi, na lallaɓa na faɗa mata yadda Baba yace, alif da 'ya'yan zogale suna kwantar da laka ruwa yayi garau amma basa kashe cuta, tayi shiru dai, bansan ko ta yarda ba amma ta daina aika yara rijiya.

Bari in ɗan ratse dan wannan ma ya shafi mutane. Kafin inje lab wani mai tallan abin tace ruwa ya taɓa zuwa gidanmu da wani abu kamar biro yana tsomawa a kofi lamba ta fito, da wani kuma mai sanduna da yake jonawa a wuta ruwan ya koma ja da baƙi yace kinga dattin da kuke sha. Na tambayi Baba yace mai kama da biron gishirin da ya narke a ruwa kawai yake aunawa, baya ganin ƙwayar cuta ko ɗaya, ruwa zai iya nuna lamba mai kyau alhali kwalara na ciki. Mai sandunan kuma sandar ƙarfen ce da kanta take narkewa tana rina ruwan. Kar wanda ya tsorata ku da shi ya karɓe muku kuɗi.

To ko zan ce a je? Eh wallahi a je, musamman mai rijiya a gida da mai jariri da duk mai sana'ar abin sha, kuɗin bai kai na jinya ba. Amma kar kuje yadda naje. Ku fara zuwa hannu biyu ku karɓi kwalbarsu, ku ce a nuna muku a rubuce me da me gwajin ya ƙunsa, in kuna kusa da kamfanoni ko juji ko masu fasa batur ku ce a saka dalma da kiromiyom tun ranar farko, ku tambaya a nan ake yi ko aikawa ake yi, kuma kar ku bar wajen sai wani ya zauna ya fassara muku takardar. In da maki ake bayarwa aikin gwajin kansa zan ba shi takwas cikin goma, yadda suke karɓar mutane kuma uku ma na yi musu kara.

Jujin bayan gida har yanzu yana nan. Maigida da wasu maza uku sun je wajen mai unguwa da takardar tawa a hannu, kuma ita ce ta sa aka saurare su, dan da baki kawai an sha faɗa. Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli samari sun yashe kwatar, baƙin ruwan ya tafi, an kuma rubuta wa REMASAB, hukumar kwashe shara ta Kano, takarda ana neman a kawo mota a kwashe tarin. 'Yan gwangwan suna tsince ƙarfe da roba, ledar piya wata da pampas ne babu mai so, su ne kuma suke toshe komai. Maganar sokawen maƙwabci ita ce mai nauyi, mutumin kirki ne kuma shi yake bamu ruwan bohol, filin nasa ma babu inda zai matsar da shi, dan haka maigida yana ganin ƙila rijiyar tamu ce za a rufe gaba ɗaya.

Baba ya ce min gwaji ɗaya hoton rana ɗaya ne, ruwan damina daban na rani daban, in sake kawo na bohol ɗin in zafi ya shigo wajen Maris ko Afrilu. Na riga na karɓo kwalabe biyu suna cikin kwaba a rufe, ɗaya tawa, ɗaya ta maƙwabciyata mai goyon wata uku da itama rijiya take sha, ita kam nace mata ba sai rani ba, ranar Litinin da sassafe zan raka ta.